Yoyon baƙin mai a motar ƙungiya: yadda muka bi sawunsa har muka toshe shi



Duk wanda ke bibiyar lissafin da ma'aji ke karantawa a zaman wata ya san akwai wani layi da ya daɗe yana dawowa, wato kuɗin cikon baƙin mai na motar ƙungiya. Yau wata biyu ke nan layin bai fito ba, kuma 'yan'uwa sun nemi ofishin sakatare ya yi bayani a rubuce kan abin da aka yi wa motar. Mun ga ya fi dacewa mu sa bayanin a wannan shafi, domin yawancinmu tsofaffin motoci muke hawa, kuma da wuya a sami ƙofar gidan mai mota a Lokuwa ko Shuware ko Wuro Patuji da babu baƙin tabo a inda motar ke kwana.

Ga waɗanda ba su san motar ba, Toyota Carina E ce mai dogon baya, giyar hannu, da inji 4A-FE mai lita 1.6. Kamfanin Toyota ya ƙera wannan samfurin ne daga 1992 zuwa 1997, da yawansu a masana'antarsa ta Burnaston da ke Ingila. Ke nan ko wadda ta fito a shekarar ƙarshe ta doshi shekara talatin. Ita ce ke kai mana marasa lafiya asibitin koyarwa na Modibbo Adama da ke Yola, ta Mararraba da Hong da Gombi da Song da Girei, tafiyar kusan kilomita 200. Ita ce ke kai wakilanmu ta'aziyya Uba da Michika da Maiha, kuma ita ke ɗaukar iyayenmu mata idan biki ya tashi. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kowa ya ga yadda kuɗin galan ɗin mai da kayan gyara suka tashi. Asusunmu ba zai iya sayen wata motar ba, ko sayen inji ɗan Beljiyam sai an yi karo-karo na musamman. Wannan injin da ke cikinta shi ne abin da muke da shi.

Direbanmu yana da ɗabi'a mai kyau, kullum da safe sai ya zaro geji ya duba mai kafin ya tayar da mota, kuma yana rubuta duk cikon da ya yi. Daga littafinsa muka ga cewa duk zuwa Yola da dawowa sai an ƙara kusan lita ɗaya. Wani zai ce lita ɗaya ai ba wani abu ba ne, to amma injin gaba ɗaya lita uku da 'yan kai yake ɗauka har da abin da ke cikin filta. Tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin geji, a yawancin ƙananan motoci, kusan lita ɗaya ce. Wato a tafiya guda motar na sauka daga cike zuwa bakin haɗari. Mutane da yawa sun ɗauka jar fitilar nan mai hoton buta tana nuna cewa mai ya ragu ne. Abin da take aunawa shi ne ƙarfin da famfo ke tura mai da shi, don haka idan ta kama ana cikin gudu, metal ya riga ya fara cin ƙarfe a bushe. Mun yi tunanin inji ya buga tsakanin Gombi da Song da tsakar dare, da mai naƙuda a kujerar baya. Wannan tunanin ne ya sa kwamiti ya ce a nemo bakin zaren.

Shawara uku muka samu. A wani gareji an leƙa ta ƙasa, aka ga mai na ɗiga daidai inda inji ya haɗu da giyabos, aka ce sil ɗin bayan karanshaf ne ya mutu, sai an sauke giyabos, kuma tunda an sauke gara a canja kuloci gaba ɗaya. A wani wurin aka ce ringi ne, a buɗe inji. Wani ɗan'uwa kuma ya ce a riƙa zuba mai mai kauri da maganin nan da ake ƙarawa a ciki, yoyon zai tsaya da kansa. Ba mu ga laifin kowa ba, domin abin da ido ke gani daga ƙasa ya yi kama da abin da na farkon ya faɗa. Sai dai kuɗin jama'a ne, kuma biyu daga cikin shawarwarin za su cinye abin da muke tarawa na watanni. Kwamiti ya ba mutum uku mako guda su gano ainihin inda man ke fitowa kafin a taɓa asusu: direba, da wani dattijonmu da ya karanci aikin inji a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi, da sakatare mai riƙe da biro da littafi.

Tambayar farko da Baba ya sa muka amsa ita ce, motar zubar da mai take yi ko shan sa take yi? Injin da ringinsa ya gaji yana ƙona mai tare da fetur, za a ga shuɗin hayaƙi a salansa, musamman idan aka taka totur, kuma bakin fulogi zai yi baƙi da danƙo. Aka tayar da mota da sanyin safiya, ɗayanmu ya tsaya a baya, aka yi ta ba ta wuta, hayaƙi bai canja launi ba. Muka buɗe murfin da ake zuba mai muka duba cikinsa, muka sake duba geji. Da gaskit ɗin tof silinda ne ya ƙone har ruwa ke haɗuwa da mai, da mun ga man ya koma kamar shayi mai madara, da kuma ruwan lagireto na raguwa. Babu ko ɗaya. Maganar buɗe inji ta faɗi tun a nan.

Sai tambaya ta biyu: abin da ke ɗiga a ƙasa baƙin mai ne kuwa? Mota na ɗauke da ruwaye iri-iri kuma kowanne na iya yoyo. Muka samo babban kwali mai tsabta muka shimfiɗa ƙarƙashin inji da daddare, muka zana inda tayoyin gaba suka tsaya domin mu san daidai wurin da ɗigon ya faɗo. Da safe muka tarar da tabo mai faɗin tafin hannu, ya karkata wajen ɓangaren direba. Baƙin mai launinsa ƙasa-ƙasa ne zuwa baƙi, yana da santsi, da ɗan ƙaurin ƙuna. Man giyar hannu, idan irin mai kaurin nan ne, warinsa mai ƙarfi ne, ba ya ɓuya. Man giyar otomatik ja ne, haka ma wanda ake zuba wa sitiyari a motoci da yawa. Man birki fari ne mai ɗan rawaya kuma yana cin fenti, shi kam idan aka gan shi a ƙasa kada a motsa motar. Ruwan da ke ɗiga bayan an kunna na'urar sanyi ruwa ne kawai. Namu baƙin mai ne, babu tantama.

Daga nan aka zo wurin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wurin da aka fi tsallakewa. Injin da ya shekara yana tsatsafo da mai a ƙurar hunturun Mubi yakan yi ɓawon baƙin laka daga sama har ƙasa, ta yadda ko'ina ka taɓa jiƙe yake. A irin wannan hali babu mai iya nuna maka inda man ya fito, sai dai hasashe. Dalili kuwa shi ne mai ba ya ɗiga a inda ya fito. Yana gangarowa ƙasa yana bin lungunan inji, iskar tafiya kuma tana tura shi baya, sai ya taru a wuri mafi ƙasa ya ɗiga daga can. Wurin da ya fi ƙasa kuwa kusan kullum kaskon mai ne, wanda kanikawa ke kira botom filet, ko kuma mahaɗar inji da giyabos. Shi ya sa waɗannan wurare biyu suka fi shan zargi.

Muka bari inji ya huce sarai. Muka cire waya mara wuta daga batir, muka ɗaure distributa da altaneta da bakin shan iska da leda. Da kananzir da tsohon buroshin fenti muka narkar da ɓawon, sannan muka bi da ruwan omo, muka ɗauraye a hankali da buta, muka bar bonet a buɗe rana ta busar. Muna roƙon 'yan'uwa kada a wanke inji da fetur, ballantana yana da zafi, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi mota da mai wankin. Kada kuma a saita bakin injin wankin mota mai ƙarfi a kan wayoyi da distributa.

Da ya bushe, Baba ya aika aka sayo hodar jarirai. Muka barbaɗa ta a duk wuraren da ake zargi: kewayen murfin saman inji da ake kira tof koba, ƙarƙashin distributa, kewayen filta da oyil swic da ke kusa da ita, bakin botom filet, notin juye, da ƙasan murfin taimin bel. Aka tayar da inji ya yi kamar minti ashirin a tsaye, sannan direba ya ɗan zaga da ita cikin gari ya dawo. Muka ɗauki tocila muka fara dubawa daga sama muna sauka. Ƙa'idar ita ce a nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe, domin duk abin da ke ƙasa da shi yana iya zama sawu ne kawai.

Gani ya kori ji. A kan farar hodar sai ga baƙin layi siriri ya fito daga gindin distributa, inda take shiga jikin tof silinda. Idan ka tsaya gaban wannan motar, taimin bel na hannunka na hagu, distributa na hannun dama, daidai saman giyabos. Layin ya gangara ta bayan inji, ya hau kan ƙoƙon giyabos, ya zagaye shi, ya je ya taru a ƙasa, a daidai wurin da aka nuna mana aka ce sil ɗin baya ne. Muka ga naso na biyu a gefen tof koba ta gaba, yana sauka kan garkuwar bututun hayaƙi, wanda shi ne ƙaurin da fasinjoji ke ji idan an tsaya. Da muka zare wayoyin fulogi, ramuka biyu cikin huɗu da mai kwance a ciki. Notin juye ma na da ɗan laima. Hodar da ke bakin botom filet da ƙasan murfin bel kuwa tana nan fara fat.

Abin da ke hana mai fita a gindin distributa wata roba ce mai kamar zobe, ba ta fi a sa yatsa biyu a ciki ba. Da gaskit ɗin tof koba da robobin ramin fulogi duk roba ne, kuma roba ba ta jure zafin inji har abada. Shekaru na tafiya tana bushewa, tana ƙanƙancewa, ta daina matse ƙarfe. A garin da zafin Maris da Afrilu ke kai digiri 40, abin ya fi sauri.

Kafin mu sayi komai, Baba ya ce a duba numfashin inji. Kowane inji, ko sabo ne, akwai ɗan hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen fistin ya sauka cikin ɗakin mai. An yi masa hanyar fita ta wani ƙaramin bawul da ke kan tof koba, ana kiransa PCV, da tiyo da ke mayar da hayaƙin cikin inji ya ƙone. Idan bawul ɗin ya toshe, iska na taruwa a ciki tana neman mafita, sai ta riƙa tura mai ta duk robar da ta yi rauni. Wanda ya canja gaskit bai duba wannan ba, bayan 'yan watanni zai ga yoyon ya dawo, ya ce kayan ne jabu. Gwajinsa ba wuya. A zaro shi a girgiza kusa da kunne, mai lafiya yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Idan inji na aiki a tsaye kuma aka sa yatsa a bakinsa, za a ji yana zuƙa. Namu shiru ya yi, ya cushe da baƙin danƙo, tiyonsa kuma ya bushe ya tsage a baki.

Abin da muka saya ke nan: zoben robar distributa, gaskit ɗin tof koba tare da robobin ramin fulogi huɗu da na ƙarƙashin notoci, bawul ɗin numfashi da guntun tiyo, washar notin juye, ƙaramin bututun gam mai jure zafi da mai, sabuwar filta, da galan ɗin mai 20W-50 a rufe da hatiminsa. Mun tafi shago da tsofaffin kayan a hannu domin a gwada, kuma mun zaɓi robar da ke lanƙwasuwa ta dawo daidai, mun bar mai arahar da ke da tauri kamar busasshiyar fata. Araha ba ta ado. Duk kuɗin bai kai ko kusa da ladan sauke giyabos kaɗai ba, rasit ɗin kuma na wurin ma'aji ga mai son gani.

Aikin ya ci mana safiyar Asabar guda, da sufana lamba 10 da 12 da 14, da sukudireba, da tsummoki. Mun fara da distributa. Kafin a kwance ta, muka ɗauki hotonta da waya, muka sa wa wayoyin fulogi lamba daga ɗaya zuwa huɗu, muka karta alama da ƙusa daga jikinta zuwa jikin inji, muka kuma buɗe hularta muka lura da inda rota ke kallo. Wannan alamar ita ce ran aikin, domin idan distributa ta koma a karkace ko kaɗan, lokacin wuta ya canja, mota za ta rasa ƙarfi ko ta riƙa zafi. Daga lokacin da aka zare ta har aka mayar, ba a juya inji ba. Mun leƙa cikin hular mun ga a bushe take. Da akwai mai a ciki, to sil ɗin cikin distributar ne ya lalace, canja zoben waje ba zai wadatar ba. Tsohon zoben da Baba ya sa masa bakin sukudireba, karyewa ya yi gida biyu kamar taliya busasshiya. Aka goge wurin, aka shafa wa sabon ɗan mai, aka zura shi a gurbinsa, distributa ta koma kan alamarta.

Sai tof koba. Muka cire tiyoyi da wayoyi, muka kwance notocin sama, muka ɗan bubbuga murfin da tafin hannu har ya saki. Ba a cusa sukudireba tsakanin murfi da tof silinda a yi ɗage, domin alminiyom ne, idan ya karce yoyon ya zama na dindindin. Muka tsotse man da ke ramin fulogi da tsumma kafin a taɓa fulogan, don kada datti ya faɗa cikin silinda. Muka kankare tsohon gam daga bakin ƙarfen da guntun roba mai tauri, muka goge har ya bushe ƙayau, muka wanke murfin ciki da waje. Sabon gaskit ya zauna a kwarminsa, robobin fulogi suka shiga gurabensu.

A nan muna son 'yan'uwa su saurara da kyau, domin maganar gam ce. An saba ganin an lafta gam a duk kewayen gaskit har yana tsiyayowa waje, da tunanin yawansa ne ke hana yoyo. Abin da ya tsiyayo waje, irinsa ya tsiyaya ciki. Idan ya bushe sai ya gutsuttsure ya faɗa cikin mai, ya tafi ya toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, inji ya rasa mai alhali kasko cike yake. Gaskit ɗin roba ba ya bukatar gam sai ɗigo kamar ƙwayar masara a kusurwoyin da yake hawa tudu, ta gefen bel da ta gefen distributa. Haka muka sa. Notocin kuma muka ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan waccan, har suka zauna, ba tare da an sa ƙarfin dantse ba. Ƙananan notoci ne, matsi mai yawa na murƙushe gaskit ko ya tsinke ƙarfen.

Muka ƙarasa da juye. Aka sa sabuwar washa a notin ƙasa, domin washar nan ana murƙushe ta ne sau ɗaya ta toshe, idan aka yi ta maimaita ta sai a koma ƙara matsi har zaren kasko ya lalace. Da aka cire tsohuwar filta muka tabbatar robarta ta fito tare da ita, saboda idan ta manne a jikin inji aka ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu ba sa riƙe mai, yana iya tsiyayewa gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Sabuwar aka shafa wa robarta mai, aka ɗaure da hannu kawai. Muka zuba mai zuwa alamar sama, ba mu wuce ba, don mai fiye da kima shi ma yana tura sil. Duk aikin ƙasa a kan rami muka yi shi. Wanda ba shi da rami, ya tokare mota da ƙarfen tsayawa ko katako mai kauri, ya sa dutse a bayan taya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Bayan gam ya kama, muka sake goge inji, muka sake barbaɗa hoda, muka mayar da kwali. Kwana uku a jere kwali ya wayi gari fes. Ƙoƙon giyabos ya bushe, wanda ya tabbatar mana sil ɗin baya lafiyarsa lau. Daga ranar zuwa yau motar ta je Yola sau huɗu, ta je Michika sau biyu, geji bai sauka yadda ido zai gani ba, ƙaurin nan ma ya tafi.

Ba kowane yoyo ne mutum zai gyara a ƙofar gida ba, kuma ba mu rubuta wannan don a raina kanikawanmu ba. Idan hoda ta nuna mai na fitowa daga cikin murfin taimin bel, to sil ɗin gaban karanshaf ne ko na kamshaf ko famfon mai, kuma dole a cire bel. Mai na cinye robar bel, saboda haka a canja shi tare, kar a jira kilomita 100,000 da aka saba ƙayyade masa. A wasu injinan, idan bel ya tsinke fistin na dukan bawul, gyaran ya koma babba. Idan sama duk a bushe take amma mahaɗar giyabos na ci gaba da jiƙewa, wannan shi ne sil ɗin baya na gaskiya, aikin gareji ne, kuma jinkiri zai sa mai ya jiƙa kuloci ya fara sulɓi. Botom filet ɗin da ya daki dutse ya lotse, abin da ba baƙo ba ne ga masu bin hanyoyin ƙauyukanmu da damina, shi ma sai an sauke shi. Oyil swic kuwa kada a raina shi don ƙanƙantarsa, domin man da ke bayansa da ƙarfin famfo yake zuwa, ɗigon yau na iya zama feshi gobe, alhali canja shi aikin minti goma ne. Masu Golf da Vectra da 406 da Starlet, wuraren sun ɗan bambanta da namu, wasu ma ba su da distributa, amma hanyar bincike ɗaya ce: a wanke, a busar, a barbaɗa hoda, a bi daga sama.

Abin da muke ba 'yan'uwa shawara shi ne, idan za a kai mota gareji kan yoyo, a je da inji a wanke, a ce cikin ladabi, "Oga, don Allah nuna mini inda yake fitowa." Bakaniken kirki zai ji daɗin tambayar, domin ta rage masa lalube, kuma ta raba ku da rigimar an gyara bai gyaru ba. Game da maganin kauri da ake zubawa, yana iya rage ɗigo na ɗan lokaci, amma ba ya ɗinke robar da ta karye, kuma mai mai kauri sosai na jinkirin isa saman inji da sanyin safiya, lokacin da ƙarfe ya fi bukatarsa. A kuma kiyayi man awo na kwalba da ba a san asalinsa ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha gargaɗi kan gurɓataccen man inji a kasuwanni. A sayi na rufe, a duba hatimi, a huda galan idan ya ƙare don kada a sake cika shi a sayar wa wani.

Akwai kuma maganar tsohon man da aka juye. Namu mun tara shi a jarka mun kai wa masu saye. Kada a zuba shi a kwata, domin ruwan sama na farko zai kwashe shi zuwa kogin Yedzaram, inda ake wanki, ake shayar da dabbobi, ake noman rani. Kada a zuba kusa da rijiya. Kada kuma a shafa shi a ciwon dabba ko a fatar mutum kamar yadda wasu ke yi, saboda yana ɗauke da dattin ƙarfe da gubar ƙuna. Wanda ya yi aiki da shi ya wanke hannu da sabulu.

Motar ƙungiya amana ce, kuɗin da ke cikinta na mai sayar da ƙosai ne da ɗan acaba da malamin makaranta da ke cire kuɗin wata daga abin da bai ishe su ba. Saboda haka kwamiti ya amince da abu uku daga yanzu. Direba zai ci gaba da duba geji kowace safiya a wuri mai daidai kafin a tayar da inji, yana rubutawa. Za a riƙa shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar daren farko na kowane wata. Kuma duk gyaran da zai sa a sauke giyabos ko a buɗe inji, sai mutum biyu daga kwamiti sun ga matsalar da idonsu kafin ma'aji ya fitar da kuɗi.

Baba ya kuma yarda cewa ranar Asabar ta farkon wata, daga ƙarfe takwas na safe zuwa sha ɗaya, duk ɗan ƙungiyar da motarsa ke zubar da mai zai iya kawo ta harabar ofis a duba tare, kyauta. A zo da inji a wanke tun jiya, da kwalin da ya kwana a ƙarƙashinta, da hoda ƙaramin gwangwani. Muna so matasanmu su zo su tsaya kusa su ga yadda ake yi, har da waɗanda ba su mallaki mota ba tukuna. Mai sha'awa ya rubuta sunansa da irin motarsa a wurin sakatare kafin ranar Alhamis, domin mu san adadin da lokaci zai ɗauka.

Muna godiya ga Baba da ya ba da lokacinsa da kayan aikinsa bai karɓi ko sisi ba, da direbanmu da littafinsa ya zama mana hujja, da ɗan'uwan da ya ba mu aron rami. Allah Ya saka musu da alheri, Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara haɗa kanmu. Amin.



Sakatare, a madadin kwamitin kula da mota.